Kofi Ɗaya Tak Daga Inugu

Tun da na dawo daga Kudu bakina bai huta ba. A Islamiyya a tare ni, a gidan biki a tare ni, Ladi mai kitso ma sai da ta bar mini kai rabi a tsefe ta ce ba za ta ci gaba ba sai na ba ta labari. Kowacce da abin da take son ji. Wata ko da gaske ne suna cin dodon koɗi, wata ko na ga teku, wata kuma, wadda ta san gidanmu, ko na dawo da yarinyar. Ni kuwa duk sanda na buɗe baki sai in ga na kamo zancen ta tsakiya, don har yau akwai abin da ban gama ganewa ba a tafiyar nan. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, mai so ta karanta, ni ma in huta.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Asabe, a Kano nake, sana'ata jere. In za a kai amarya ni ake kira in shirya ɗaki: inda kwalla za ta zauna, inda samira za ta hau, inda tangaran zai tsaya a bayan gilashi ya cika wa 'yan ganin ɗaki ido. A wannan aikin na yi furfura. Kafin tafiyar nan, da wata mace ta ce akwai abin da ban sani ba game da tangaran, da mun kwashi 'yan kallo da ita.

Ƙanena Sule tun yana saurayi ya bi motar albasa zuwa Fatakwal, bai ƙara zama a gida ba sai ziyara. Can ya kai matarsa Hadiza, Allah ya jiƙanta, can aka haifa masa 'ya'ya, yana da rumfar wake da gyaɗa a kasuwar Mayil Wan. Shi ne ya kira ni wata safiya. Muka gama gaisuwa tsaf, sannan ya ce:

"Yaya, so nake ki je Inugu ki ɗauko mini waccan yarinyar."

Ban tambaye shi wace yarinya ba. Zulai 'yar farinsa ce, kuma kun san halin mazanmu na da da 'ya'yan fari. Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

"Me ta yi?"

"Ta ajiye aikin ofis ta koma ginin tukwane. Duk karatun nan, Yaya. A gidanmu wa ya taɓa gini? Abokan kasuwa na tambayata me take yi, in ce musu me? Na ce ta bari, wai ba tukwane ba ne, tangaran ne."

Ashe an fi shekara ba su yi magana ba. Ta yi ta kira yana ƙin ɗauka har ta gaji ta daina. Sharaɗinsa ɗaya ne: ta bar laka ta dawo gida, magana ta wuce, in ta ƙi, kada ta sa ran zai taɓa sa wa wannan sana'a albarka. Abin ya tsaya mini a rai, yarinya ba uwa, ga uba yana neman zama babu. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai zancen tangaran ɗin ne. A sanina ba a gina tangaran. A kwali yake zuwa, daga jirgi. Na ce ko dai Sule bai ji da kyau ba, ko yarinyar ta faɗa masa haka ne don ya sassauta.

Da labari ya bazu Asabe za ta Kudu, sai saƙo ya fara shigowa gidana kamar an buɗe tasha. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu, duk a kai wa wata Hajiya Delu a Anacha, 'yar uwar maƙwabciyata. Na ce ni fa Inugu za ni. Aka ce ai duk Kudu ne. Haka na tsinci kaina a doguwar bas ta Anacha a Sabon Gari da buhu biyu da ba nawa ba. Gaskiya ban yi musu sosai ba, don yawancin tangaran ɗin da nake jerawa ana ce mini daga kasuwar Anacha yake fitowa, na daɗe ina son ganin wurin da idona.

Kafin mota ta tashi wani mutum mai kwat ya miƙe ya yi doguwar addu'a da Turanci, mota duka na cewa amin, ni ma na yi tawa a zuci. Bai zauna ba, sai ya buɗe jaka ya fara tallar maganin basir. Na rasa ko malami ne mai sayar da magani ko mai magani ne da ya iya addu'a. Na juya in tambayi maƙwabciyar kujerata, wata ƙatuwar mata da ɗaurin zani irin nasu, ina ta harhaɗa 'yan kalmomin Turancina, sai ta ce:

"Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Duka biyun ne, kuma maganin ba ya aiki, na gwada."

Madam Ngozi ke nan, haihuwar Sabon Gari, mai sayar da atamfa. Hausarta ta fi ta jikokina fita. Ta ɓare goro ta miƙo mini ɓari, muka ɓarke da hira, kusan duk amaryar da na ambata na yi wa jere sai in tarar ita ta sayar wa uwarta atamfa. Ita ce ta cece ni a wani shinge bayan Lakwaja, inda aka sauke buhuna aka kwance ƙullin daddawa. Jami'in shingen ya shinshina, ya ja baya, ya kira ɗan uwansa, shi ma ya shinshina ya ja baya. Madam Ngozi ta leƙo ta taga ta wanke su da Turancin kasuwa, suka ɗaure suka mayar. Da muka hau gadar Anacha da hantsi ta taɓa ni ta ce, "Daga nan kin shigo garinmu, Hajiya. Sai dai ni ma baƙuwa ce. Sati ɗaya nake yi in fara kewar Kano."

Gidan Hajiya Delu yana unguwar Hausawa, ba nisa da bakin kogi. A ƙofa na tarar da 'yan mata cikin hijabi har ƙasa. Na yi sallama, na saki jiki za a gaisa, sai suka ce "Welcome ma" a tsaye, suka ci gaba da hirarsu da yaren Ibo. Jikokin Hajiya Delu ne. Na baro mai zanin Ibo tana mini Hausar Kano, na zo na tarar da masu hijabi suna Ibo. Ita kuwa Hajiya Delu da ta fito, gaisuwar da ta yi mini ko a cikin Birni an daina irinta, sai da ta tambayi mutanen da suka rasu tun ina amarya. Na sa rai zan ɗanɗana abincin garin. Da yamma aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da na sha wahalar ɗaukowa tun daga Kano, kowa na santi yana sa mini albarka.

Washegari ta kai ni kasuwa. Ba zan iya kwatanta muku ita ba, don da farko ban ga komai ba sai ƙeyar mutane da baro. Masu shago na jan hannun mutum suna "Mama, come, come," kamar sun san ni. A Kano mai kanti zama yake ki same shi, a can kuwa in kika yi sake sai ki sayi injin ban ruwa ba ki shirya ba. Da muka shiga layin tangaran sai na tsaya cak. Kwali kan kwali har rufi, saiti-saiti, dozin-dozin, masu bakin gwal, masu fure, kowane kofi da ɗan farantinsa, kowanne sak ɗan uwansa. Nan take na hango mafita. In dai tangaran yarinyar nan take so, a buɗe mata shago ta riƙa sarowa daga nan. Ta zama 'yar kasuwa kamar ubanta, hannunta fes, Sule ya samu abin faɗa wa abokansa. Na bar Anacha ina jin na gama aikin da aka aiko ni tun ban ga Zulai ba.

Da na isa Inugu na kira Zulai a waya, ta ce mini Uwani take. Na ce gidan wace Uwani? Ta yi dariya ta ce sunan unguwa ne, in zauna a tasha za ta zo. Rabona da ita tun zaman makokin uwarta a Kano. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, na ji daɗi, amma da na kama hannunta zan ɗaga ta sai na ji kaushi, ga farar ƙasa ta maƙale a gefen farce. A hanya ta saya mini okpa, wani abu ne kamar alale amma da gurjiya ake yin sa, a naɗe a ganye. Na ci biyu ina cewa bai kai namu ba.

Ɗaki ɗaya take haya a bayan gidan wata tsohuwa, da garejin mota da ta mayar wurin aiki. Ko mayafi ban ajiye ba na ce ta nuna mini tukwanen. Ta buɗe garejin. Ba tukunya ko ɗaya. Katakai ne a jikin bango, a kansu kofuna da 'yan tuluna farare, wasu cikinsu da ɗan kore-kore. Na ɗauki ɗaya, ba nauyi. Na ƙwanƙwasa da farce, ya yi ƙara siririya mai tsawo. Na ɗaga shi wajen taga, sai ga inuwar yatsuna ta cikinsa. Tangaran ne, kuma na kirki, na Anacha bai kama ƙafarsa ba. Na kifa shi ina neman tambarin kamfani, sai na ga shatin babban yatsa.

"Yatsana ne, Gwaggo," in ji Zulai.

Na ja wani bokiti na kifa na zauna.

"To ina 'yan uwansa?"

"Shi kaɗai ne."

"Saura sha ɗayan fa?"

"Ba na yin dozin, Gwaggo. Each one daban yake. Ko na so ba za su fito iri ɗaya ba, kuma ba na so."

Na duba da kyau, gaskiya ta faɗa. Wannan ya ɗan karkace, wancan bakinsa ya fi faɗi, babu biyu da za ki ajiye kusa da juna ki ce uwa ɗaya uba ɗaya. Da a ɗakin amarya aka kawo mini irinsu, ƙarƙashin gado zan tura su kafin dangin miji su shigo. Tulunan kuwa bakinsu ko yatsa biyu ba zai shiga ba. Na ce me ake zubawa a ciki? Ta ce fure ake sawa, reshe ɗaya. Na ce na roba? Ta ce na gaske. Na ce in ya bushe fa? Ta ce sai a sa wani. Na bar zancen haka don tambayoyina sun fara ba ni kunya.

Da la'asar wata 'yar gayu ta zo da mota. Ta riƙa ɗaukar kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta rungume da tafi biyu, ta lumshe ido, ta ajiye. Na ga tana neman ɗaukar wanda ya fi kowanne karkacewa, tausayinta ya kama ni, na lallaɓa na miƙa mata wanda ya fi miƙewa. Ta yi mini murmushi, ta ajiye shi, ta ɗauki karkataccen. Ba ta yi ciniki ba, ba ta nemi gyara ba, har godiya ta yi. Ni dai na rasa wa ya cuci wani.

Bayan mun ci abinci na kawo maganar shago. Na tsara mata ita tiryan-tiryan, har inda za a sa kanta na faɗa. Ta saurara har na gama.

"Gwaggo, ni ba sayar da tangaran nake so ba. Yin sa nake so."

"Meye bambancin?"

Ta tashi ta kwashe kwanuka. Ni ma ban san ta inda zan sake tambayar ba.

Na so in wuce ran Litinin, ta ce ba mota, ranar ba a fita sosai a garin. Na ce hutu ne? Ta ce ba hutu ba ne. Na ce doka ce? Ta ce ba doka ba ce, haka dai ake yi. Ni kuma ban iya zaman banza ba. Da safe tana wanka na shiga garejin, na ga wani layin kofuna a katakon ƙasa sun yi furu-furu, ba ƙyalli ko kaɗan. Na ce Allah sarki, yarinya ba uwa, ba mai nuna mata. Na tari ruwa a baho, na sa sabulu, na zuba su su jiƙa, na tafi neman soso. Da na dawo na sa hannu zan ɗauko na farko, sai bakinsa ya biyo ni, gindin ya zauna. Na biyu ya lotse a tafina kamar tuwo mai ruwa. Ruwan bahon duk ya koma farau-farau.

Salati na yi ta yi har Zulai ta fito. Ta leƙa bahon, ta dube ni da kumfa har gwiwar hannu. Na ga fuskarta ta canza, don aikin kwanaki ne na narkar. Sai kuma dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa.

"Ba a gasa su ba, Gwaggo. Har yanzu ƙasa ce."

"Ƙasa?"

"Duk tangaran ƙasa ne. Har na Anacha."

Ta ce kada in damu, za ta tace ta sake kwaɓawa. Amma na ji kunya ba kaɗan ba. Shekara da shekaru ina goge abu, ina jera shi, ina hana yara taɓawa, ban taɓa tambayar da me aka yi shi ba.

Ranar na zauna na kalle ta tana aiki, hannuwana a cinya don kada su sake ɓarna. Ta ɗora curin farin yumɓu a kan wani faifan ƙarfe mai juyawa, ta jiƙa hannu, ta rungume shi, sai ga shi yana tashi tsakanin yatsunta yana buɗe baki. Ba ta magana, ko an kira ta ba ta ji. Fuskar ubanta ce sak in ya sa kansa abu. Ta nuna mini tanderun gas da take gasa su a ciki, ta ce duk gasawa sai wasu sun tsage, ba ta sanin wanda zai tsira sai ta buɗe. Da ta tashi wanke hannu na ce:

"Ki zo mu tafi, ko kwana biyu ne, ki durƙusa wa babanki."

"In na je zai ce in bari, ni kuma ba zan iya yi masa ƙarya ba." Ta ci gaba da cuɗa hannu. "Gwaggo, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ƙannena su Nura yana wasa da su, yana tambayar school ɗinsu. Ni in na shigo sai ya kalli bango. Na zo ta ɗaya a aji, bai ce komai ba."

"Ke 'yar fari ce. Kunya ce."

"Haka Mama take cewa. Amma a makarantarmu uban kowa zuwa yake ya ɗaga 'yarsa sama. Wace irin kunya ce mutum zai yi ta yi wa 'yarsa har ta girma?"

A wurinmu abu ne da ba a bayaninsa, kowa tashi yake ya gan shi ya gane. Ita a Fatakwal ta tashi, cikin mutanen da ba sa yi.

Washegari da zan tafi Fatakwal ta hau kujera ta sauko da wani kofi daga can saman katako, babba, fari.

"Tun bara na yi wa Baba shi. Hannunsa babba ne, na yi shi daidai tafinsa, gindin da kauri don shayi ya daɗe da zafi. Ki ba shi. In ya sha a ciki na san ya yarda. In bai sha ba, ba zan ƙara damunsa ba."

An aike ni in kawo mutum, ga ni da kofi. Na naɗe shi da zanina biyu na rungume a cinya. Hanyar wajen Aba ramuka ne, duk ramin da muka faɗa sai in yi salati in laluba ƙullin. Matar da ke gefena ta ga yadda nake lallaɓa shi, ta matsa ta ba ni wuri tana tambaya ko jariri ne. Daga nan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba har aka sauke mu a Rumuokoro, sunan da har na baro garin ban iya faɗinsa daidai ba.

Sule ne ya zo da kansa da lema. Ya tsufa, gemu fari fat. Ya duba bayana, ya leƙa cikin motar. Bai tambaya ba. Muka shiga a-daidaita-sahu, su keke kawai suke ce masa, muka biya ta Mayil Wan don ya rufe rumfa. Nan na ga Arewa ta tare a gefe guda: masu nama, masu albasa, masu tumatir, kowa na "Yayar Alhaji ce, sannu da hanya." Wani dattijo maƙwabcin rumfarsa ya ce, "Ina 'yarmu ta ofis, tana lafiya?" Sule ya ce lafiya lau, ya sunkuya yana ta ɗaure bakin buhun da yake a ɗaure.

A gida matar Nura, ɗansa na biyu, ita ta yi girki. Mai tambayar dodon koɗi, e, suna ci, har Hausawan can. 'Yan ƙanana ne a cikin miya da ɓawonsu, a tsotsa a yar. Na tsotsa ba abin da ya fito sai ƙara. Teku kuwa ban gani ba, na tambaya aka ce yana can gaba.

Da aka kwashe kwanuka na kwance zanin na ajiye kofin a gaban Sule.

"Ba ta zo ba. Ta ce in ba ka wannan, da hannunta ta yi. Tangaran ne, Sule, na gaske. Ni na gani da idona."

Ban faɗa masa zancen sha ba, don ba a kai wa uba sharaɗi daga bakin 'yarsa. Ya ɗauka, ya juya, ya leƙa ciki, ya kifa ya ga shatin yatsan. Ya daɗe a kan wannan shatin.

"Ɗaya ne?"

"Ɗaya ne."

Aka kira salla, ya tashi da shi a hannu ya fita daga falon.

Da safe aka kawo masa shayi a tsohon kofinsa na silba, ya shanye ya tafi kasuwa. Na duba falo, na duba kicin, babu kofin. Har kwandon shara na leƙa, Allah ya yafe mini. Sai matar Nura ta ce jiya ta ga Baba ya shiga ɗakin marigayiya, ɗakin da ba ya shiga. Na je na tura ƙofar.

Kabet ɗin Hadiza na nan da gilashinsa. Ni na jera mata shi a Kano tana amarya, da za su taho ta sa na nuna mata mazaunin kowane abu, ta zo ta mayar yadda na yi. A sana'ar jere, tsakiyar katakon sama ita ce kan gaba, abin da ya fi komai daraja a ɗaki nan yake zama. A na Hadiza wata butar shayi ce mai ruwan gwal da uwarta ta ba ta. An sauko da butar. A wurinta ga kofin Zulai shi kaɗai, a kan farin hankici a ninke, an kulle gilashin.

Sai da na yi hawaye. Ni na san abin da na gani. Da Sule zai tara 'yan kasuwar Mayil Wan ya yi shela, bai kai wannan ba. Na kira Zulai na faɗa mata. Ta ce:

"Ya sha a ciki?"

"Ke, ba ki ji me na ce ba? Tsakiyar sama. Butar uwarki ya sauke."

"Ya kulle shi ke nan." Muryarta ta yi ƙasa. "Kayan nan har Mama ta rasu ba ta sha ruwa a ko ɗaya ba, gogewa kawai take yi. Ya sa shi inda ba zai ƙara taɓa shi ba. Na gane, Gwaggo. Na gode da wahala."

Ta kashe wayar. Na zauna a bakin gadon Hadiza kaina na juyawa. Uba ya yi iyakar abin da ya iya, 'ya ta ji an rufe mata ƙofa, ni kuma da ke tsakiya duk rayuwata aikina shi ne ajiye tangaran inda hannu ba zai kai ba. Ban san wa zan ba gaskiya ba, har yau ma ban sani ba. Abin da na sani kawai, in na hau motar Kano a haka an rabu ke nan, kowa yana ganin ya yi nasa.

Da Sule ya dawo cin abincin rana na tare shi a ƙofar ɗakin.

"Kawo makulli."

"Na me, Yaya?"

"Ka fito da kofin nan ka sha shayi a ciki. Don sha ta yi shi. Ita a wurinta kullewar nan ƙi ne."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"Ƙi? Ba ki ga inda na sa shi ba?"

"Na gani. Ita ce ba ta gani."

Sannan ya laluba aljihu, ya buɗe gilashin, ya sauko da kofin da hannu biyu, ya zauna a bakin gado da shi.

"Ɗaya ne fa, Yaya. Ga yara a gidan nan. In ya fashe fa?"

"Wannan ba ni za ka tambaya ba."

Na danna lambarta na sa masa wayar a hannu kafin ya yi musu. Na ji ta ɗauka tana cewa Gwaggo. Ya yi gyaran murya.

"Ke. Ni ne." Ya kalli kofin da ke hannunsa. "Wannan abin da kika aiko. In ya fashe, akwai wani?"

Na matso kusa. Muryarta can ƙasa take.

"Babu, Baba. Sai dai in sake yi."

Sule ya juya kofin a tafinsa, ya zauna daidai, ba ragi ba ƙari.

"To ki yi," ya ce. Ya miƙo mini wayar, ya ɗaga murya ya ce wa matar Nura ta ɗora ruwan shayi.